Dokin Ƙarfe: Maƙeran Kekuna na Italiya da Masu Gyaran Keke na Ƙasar Gobir



Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne keke, watau abin hawan nan da iyayenmu ke kira basukur, waɗansu kuma su ce dokin ƙarfe. Za mu bi tarihinsa a wurare biyu da ke nesa da juna ƙwarai. Na farko shi ne arewacin ƙasar Italiya, inda waɗansu maƙera suka shahara a duniya wajen ƙera kekunan tsere na ƙarfe. Na biyu kuwa shi ne ƙasar Gobir ta gefen Nijeriya, watau Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye da su, inda keke ya yi shekaru masu yawa yana ɗaukar mutane da kayansu tsakanin gona da kasuwa da kan iyaka.

Dalilin haɗa su shi ne wannan. Manyan maƙeran Italiya da ake ambaton sunayensu yau, yawancinsu 'ya'yan talakawa ne da suka fara a matsayin yaran shago, suna riƙe wa maigida ƙarfe suna share ƙasa, daidai da yadda yaron mai gyaran keke ke yi a bakin kasuwar Sabon Birni. Tambayar da tarihi ya ɗora mana ita ce: yaya aka yi yaron shago na can ya zama mai ƙera keke, na nan kuwa ya tsaya ga gyara? Amsar tana da amfani ga ɗalibi, ta kuma fi amfani ga ma'aikacin da ke tsara makarantun koyon sana'a.

Asalin keken ƙarfe

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ƙafar baya, ya fito ne a garin Coventry na Ingila a 1885, daga hannun John Kemp Starley. A 1888 John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska. A 1897 kuma Alfred Reynolds na Birmingham ya yi rajistar wata dabara ta yin bututun ƙarfe mai kauri a bakinsa biyu, mai sirantaka a tsakiya. Waɗannan abubuwa uku, watau siffar firam, da taya mai iska, da bututu marar nauyi, su ne tushen duk keken ƙarfe da aka yi daga baya.

Daga wannan tushe sai keke ya yi rassa biyu. Reshe na farko shi ne keken aiki, mai nauyin da ya kai wajen kilo 20, mai ƙafafu inci 28, mai birkin sanda da kariya a baya. Kamfanin Raleigh na Nottingham shi ne ya yi fice a nan, har yana yi wa kekensa kirari da cewa duk jikinsa ƙarfe ne. Reshe na biyu shi ne keken tsere, wanda ake rage masa nauyi har ya dawo wajen kilo 10, mai sirarar taya da kai lanƙwasasshe zuwa ƙasa. Reshen farko ne ya zo mana. Na biyu kuwa a Italiya ya sami ƙasar da ta karɓe shi.

Maƙeran Italiya

Edoardo Bianchi maraya ne da ya tashi a gidan marayu na birnin Milan, aka kai shi koyon aikin ƙarfe tun yana yaro. A 1885 ya buɗe ɗan shagonsa a Milan, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana nan har yau, an san kekunansa da wani launi tsakanin shuɗi da kore. A 1909 jaridar wasanni ta La Gazzetta dello Sport ta shirya tseren zagaye ƙasar Italiya, wanda ake kira Giro d'Italia. Wanda ya ci na farko, Luigi Ganna, magini ne da ya saba zuwa wurin aiki a kan keke. Fausto Coppi kuwa, wanda ya ci tseren Italiya da na Faransa a shekara guda har sau biyu, a 1949 da 1952, a kan keken Bianchi, yaron mahauci ne da ke kai wa mutane nama gida gida. Shi wannan Coppi yana da alaƙa da Afirka ta Yamma: ya zo tsere ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu a watan Disamba na 1959, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya rasu ran 2 ga Janairu 1960.

Ya kamata a lura cewa a Italiya ta wancan zamani keke abin neman abinci ne kafin ya zama abin wasa. Fim ɗin nan na Vittorio De Sica na 1948, Ladri di biciclette, labarin talaka ne da aka sace wa keke, aikinsa ya tafi tare da keken. Duk manomin Gobir da aka taɓa sace wa keke zai gane wannan labari ba tare da tafinta ba.

A bayan 'yan tsere akwai masu yin kayan aiki. A 1919 Angelo Luigi Colombo ya kafa masana'antar bututun ƙarfe a Milan, wadda bututunta mai suna Columbus ya zama abin da yawancin maƙeran ƙasar ke amfani da shi. A garin Vicenza kuma akwai Tullio Campagnolo, ɗan mai sayar da kayan ƙarfe. An ce a wani tsere na watan Nuwamba 1927, a kan dutsen Croce d'Aune, sanyi ya daskarar masa da yatsu har ya kasa kwance ƙafar kekensa. Wannan ne ya sa ya ƙago wani ɗan maɗauri da ake cire ƙafar keke da shi ba tare da sifana ba, ya kafa kamfaninsa a 1933, daga baya ya shahara da giyar keke.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ƙananan shaguna suka yawaita. Faliero Masi ya buɗe nasa a ƙarƙashin benayen filin tsere na Vigorelli a Milan, ta yadda ɗan tsere zai sauka daga fili ya faɗa masa abin da ya ji a jikin keken. Cino Cinelli, wanda shi kansa ɗan tsere ne da ya ci tseren Milan zuwa San Remo a 1943, ya koma ƙera kekuna wajen 1948. Ugo De Rosa ya buɗe shago a farkon shekarun 1950 yana saurayi. Ernesto Colnago, ɗan manoma daga ƙauyen Cambiago da aka haifa a 1932, ya shiga masana'antar Gloria ta Milan yana da shekara 13, ya yi tsere har ya karye a ƙafa, sa'an nan ya buɗe ɗan ɗakinsa na gyara a ƙauyensu. Shi ne ya ƙera keken da Eddy Merckx ɗan Beljiyam ya hau a birnin Meziko ran 25 ga Oktoba 1972, ya yi kilomita 49.431 a cikin awa ɗaya, kusan tafiyar Sabon Birni zuwa Isa ke nan. Nauyin keken bai kai kilo 6 ba.

Yadda ake ƙera firam

Domin mu fahimci gwanintar waɗannan mutane, sai mun san aikin da kansa. Firam, watau gangar jikin keke, bututu takwas ne aka haɗa: uku manya da suka yi kusurwa uku a tsakiya, ɗaya gajere a wuya, da sirara huɗu da ke riƙe da ƙafar baya. Sa'an nan ga fok, ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke riƙe da ƙafar gaba. Bututun tsere ana gauraya ƙarfensa da waɗansu ma'adinai domin ya ƙara ƙarfi, shi ya sa ake iya sirantar da shi. Alal misali, a bututun Columbus da ake kira SL, kaurin bangon bututun milimita 0.9 ne a baki, 0.6 a tsakiya. Bakin yana da kauri domin can wuta za ta taɓa, can kuma nauyi ke taruwa.

Maƙeri zai fara auna mahayin: tsawon ƙafarsa, da na bayansa, da na hannunsa. Sai ya yanke bututun, ya goge bakin kowane ɗaya da zarto har ya zauna daram a jikin ɗan'uwansa. Sai ya cusa su cikin wata gwiwar ƙarfe da ke haɗa su, ya kunna wuta, ya narkar da tagulla ta kwarara cikin 'yar tazarar da ke tsakanin bututu da gwiwa. Tagulla na narkewa a zafin da ya kai wajen digiri 900, azurfa kuwa ƙasa da 700, shi ya sa ake zaɓen azurfa ga bututu mafi sirantaka. In wuta ta yi yawa ƙarfe ya yi rauni, in ta yi kaɗan tagulla ba ta ratsa ba, kuma babu ma'aunin da ke gaya wa maƙeri lokacin sai launin ƙarfen a idonsa. Daga nan sai a ɗora firam a kan teburin awo, a daidaita shi har ƙafar gaba da ta baya su bi layi ɗaya.

To, wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa muna da maƙeran baƙi masu narka tama su ƙera garma da fartanya da takobi da linzami, muna kuma da maƙeran fari masu aikin tagulla da azurfa, waɗanda sanin launin ƙarfe a wuta shi ne jarinsu. A fadar sarakuna akwai Sarkin Maƙera. Ilmin hannu dai akwai shi.

Zuwan keke ƙasar Gobir

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa sun rabu. Waɗansu sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Isa kuwa ta zama ribaɗi a ƙarƙashin Sakkwato, mai riƙe da ita yana amsa sunan Sarkin Gobir. Da Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903, suka zauna da Faransawa suka shata iyaka, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, sai Tsibiri da Gidan Rumji da Madawa suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, kasuwanni ɗaya, amma hukuma biyu da kuɗi iri biyu. A wancan lokaci abin hawan sarauta doki ne, na fatauci jaki da raƙumi da takarkari.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Wannan tasha ta Ƙaura ita ce ƙofar da gyaɗa da auduga da fatu na gabashin lardin Sakkwato ke fita, ita ce kuma ƙofar da kayan kantunan Turawa irin su UAC da John Holt ke shigowa, su bi ta Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni. Cikin waɗannan kaya akwai keke. Waɗanda suka fara hawansa ma'aikatan En'e ne: malamin haraji, malamin gona, malamin makaranta, malamin asibiti, masinja. Sa'an nan 'yan kasuwa da manoman da suka sayar da gyaɗa da daraja suka bi. Har lasin En'e ke yanka wa mai keke, abin da ke nuna cewa hukuma ta ɗauke shi dukiya. Raleigh, wanda Hausawa ke kira Rali, ya zama ma'aunin arziki, kuma tallarsa ta mutumin da ke tsere wa zaki a kan keke ta zagaye Afirka ta Yamma. Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kamfanin a duniya, har aka yi wurin harhaɗa kekuna a Zariya, kuma a shekarun 1970 Raleigh na da masana'anta a Kano.

Me ya sa keken aiki ne ya zauna a Gobir, na tsere bai zauna ba? Ƙasar ce ta zaɓa. Hanyoyin da ke tsakanin Gatawa da Unguwar Lalle da Tsamaye, ko tsakanin Turba da Bafarawa, rairayi ne da rani, laka da damina, musamman a fadamun da gulaben Bunsuru da Gagare da na Maraɗi ke malalawa kafin su zama gulbin Rima. Sirarar taya nutsewa take yi a rairayi, ƙayar tsidau kuma ba ta barinta ta yi nisa. Mai keke a nan ba sauri yake nema ba, yana neman abin da zai ɗauki buhun gero ko albasa zuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ya dawo da gishiri da kananzir, ko ya bi 'yar hanyar ƙafa ya tsallaka iyaka wurin dangi ko ciniki, inda mota ba ta bi. Shi ya sa aka fi son firam mai sanda biyu a sama.

Masu gyara

Duk inda keke ya sauka, sai sana'a ta tsiro a gindinsa. Ga mai faci da kwanon ruwansa da sholisho, ga mai ɗaurin sifok da ke daidaita ƙafar da ta karkace da ido kawai, ga mai ba da hayar keke na awa, wanda a wurinsa yara da yawa suka koyi tuƙi, ga kuma mai walda. Keke yakan zo ne a kwance cikin kwali, mai gyara ne ke harhaɗa shi. Sa'an nan ya yi masa abin da masana'anta ba ta yi ba: ya cire kariyar da ta zo da shi ya ƙera wata da rodi, ya ƙara wa fok sanduna biyu don kada ya lanƙwashe da kaya, ya sa sifoki masu kauri a ƙafar baya, ya cusa guntun bututu cikin firam ɗin da ya tsage ya like shi da tagulla. Idan aka rasa wani ƙarfe a kasuwa, maƙeri ya ƙera madadinsa.

Wannan duka sake fasali ne domin keke ya dace da mai shi da hanyarsa, kuma shi ne ainihin abin da Masi da Colnago ke yi wa 'yan tserensu. Ƙarfe ne ya ba da wannan dama. Firam ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe ana miƙe shi, in ya karye ana like shi, shi ya sa keken da uba ya saya kan kai ga ɗa, wani lokaci har jika.

Abin da ya raba su

Abubuwa uku ne suka raba yaron shagon Cambiago da na Sabon Birni.

Na farko, bututu. Colnago na iya hawa keke ya je Milan ya sayo bututun Columbus na firam ɗaya, ya sayo gwiwoyi da giyar Campagnolo. Mai walda na Gobir bai taɓa samun wannan ba. Narkar tama ta gargajiya ta mutu a zamanin Turawa, domin tarkacen ƙarfen jirgi da na mota sun fi araha. Masana'antun mulmula ƙarfe da aka buɗe a Katsina da Jos da Oshogbo a farkon shekarun 1980 rodin gini aka yi su dominsa, babbar masana'antar Ajaokuta kuwa ba ta kai ga yin aikin da aka gina ta dominsa ba. Masana'antun kekunanmu sun dogara ƙwarai ga kayan waje, saboda haka da darajar naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sai suka durƙushe, kekunan Sin irin su Phoenix, wanda muke kira Fonis, da na Indiya irin su Hero da Avon suka cika kasuwa. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Gwanin maƙeri ba tare da mai yi masa bututu ba, ƙarfe ɗaya ne.

Na biyu, mai saye da ke neman ƙari. Ɗan tseren Italiya yana dawowa kowane mako ya ce a rage nauyi, a gajarta nan, a ƙarfafa can, kuma ana gwada aikin a gaban dubban 'yan kallo. A wurinmu, waɗanda ke da kuɗin neman keke na musamman sun bar keke da wuri. Ƙarin albashin Udoji na 1975 da kuɗin man fetur sun ɗora ma'aikata a kan babur da mota, keke ya koma abin hawan wanda ba shi da hali. Wanda ya rage a kansa, araha yake nema.

Na uku, suna. Maƙerin Italiya yana rubuta sunansa a jikin firam, jarida ta buga shi, yaron da ya koya a wurinsa ya yi alfahari da shi. A wurinmu ƙira gado ce mai daraja a gargajiyance, amma makarantar boko ta koya wa ɗalibi cewa aikin tebur shi ne ci gaba. Gwanayen gyaran keke da yawa sun rayu sun mutu a garuruwan Gobir, babu littafin da ya rubuta sunansu, babu makarantar da ta gayyace su su koyar.

Kada a ce tseren keke al'adar Turai ce da ba ta kama a Afirka. A Eritriya, wadda Italiya ta mulka, an fara tseren zagaye ƙasa a 1946, kuma ɗan ƙasar, Biniam Girmay, ya ci zango a tseren Italiya a 2022, ya ci zango uku a na Faransa a 2024. Burkina Faso ta fara nata tseren, Tour du Faso, a 1987. Mu kuwa a wasannin Olamfik na Paris a 2024, 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga wani rukuni na gasar.

Faɗuwar ƙarfe da dawowarsa

Zamanin ƙarfe a fagen tsere ya wuce. Miguel Indurain ɗan Sifen ne na ƙarshe da ya ci tseren Faransa a kan firam ɗin ƙarfe, a 1994. Daga nan alminiyam ya karɓa, sa'an nan wani abu marar nauyi da ake yi da zaren kabon da danƙo, wanda ake zubawa a masana'antu, yawanci a Asiya. Raleigh ya daina ƙera kekuna a Nottingham a 2002. A 2020 wani kamfanin zuba jari na Abu Dhabi ya sayi mafi yawan hannun jarin Colnago. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Tun 1997 ake yin wani taro mai suna L'Eroica a garin Gaiole na lardin Tuskani, inda dubban mutane ke hawa tsofaffin kekunan ƙarfe a kan hanyoyin tsakuwa, kuma ƙananan maƙera a Turai da Amurka da Japan suna ci gaba da ƙera firam da hannu, domin mutane sun gane darajar abin da ake iya gyarawa.

A Gobir kuwa larura ce ta tuna wa mutane da keke. Babur ɗin da ya kori keke shi ne ya zama abin hawan 'yan bindigar da suka addabi Sabon Birni da Isa, har dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi gudun hijira tun daga 2019. A 2021 gwamnatocin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun ɗauki matakai da suka haɗa da katse layukan waya, da rufe waɗansu kasuwanni, da taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka. Keke ba zai kawo zaman lafiya ba, kuma babu abin hawan da ke da amfani a hanyar da ba ta da tsaro. Amma waɗannan shekaru sun nuna cewa al'ummar da duk motsinta ya rataya ga fetur da kayan waje tana iya tsayawa cik a rana ɗaya.

Kammalawa

Daga wannan tarihi akwai abubuwa uku da za a iya yi ba tare da jiran Ajaokuta ba. Na farko, makarantun fasaha da cibiyoyin koyon sana'a na Jihar Sakkwato su sa ƙirar firam cikin darussan walda, su ɗauki tsofaffin masu gyara a matsayin malamai masu albashi. Kayan da ake bukata, watau teburin awo da maɗauri da zarto da wutar gas, ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Na biyu, ƙungiyoyin masu sana'a su haɗa kuɗi su sayo bututu mai kyau da yawa, domin abin da mutum ɗaya ba zai iya shigowa da shi ba, mutum hamsin za su iya. Abin da za a ƙera kuwa shi ne abin da ƙasar ke nema: keken kaya mai faɗin taya, keken ɗaukar marar lafiya zuwa asibiti, keken guragu, keken ɗalibai da ke tafiya mai nisa zuwa makaranta. Na uku ya rataya ga ɗaliban tarihi da na Hausa. Tsofaffin masu gyara da masu hayar keke da ma'aikatan En'e da suka fara hawansa suna ƙarewa. A je a tambaye su, a rubuta sunayensu da na iyayen gidansu, da kalmomin sana'arsu, da dabarun da suka ƙago.

Colnago ya fara ne a ɗaki ɗaya a ƙauyen manoma, da zarto da wuta. Abin da ya samu shi ne ƙarfe mai kyau kusa da shi, da masu saye da ba su yarda da aikin banza, da al'ummar da ta riƙe sunansa. Ukun nan duka mutane ne suka samar da su, saboda haka mutane na iya samar da su a bakin gulbin Rima.